Lissafi a Gaban Alƙali: Tarihin Shigar Ƙididdiga Cikin Shari'a

Abin da wannan takarda ta ƙunsa shi ne taƙaitaccen tarihin yadda lissafi ya shiga majalisar shari'a a ƙasashen Turai da Amurka, da ɓarnar da ya yi a hannun waɗanda ba su san shi ba, da kuma amfanin da ya yi sa'ad da aka san yadda za a riƙe shi. Watakila mai karatu ya ce, ina ruwan mai nazarin harshe da wannan batu? Amsa ita ce, duk adadin da aka kawo gaban alƙali cikin jimla a ke kawo shi. A shari'o'in da za mu duba, sau da yawa jimlar ce ta karkace, adadin kuwa ya bi ta, alƙalai da lauyoyi suna zaune ba wanda ya lura.

Akwai kalmomi biyu da za su yi ta maimaituwa. Ƙididdiga ita ce tattara adadin abin da ya riga ya auku, kamar yawan haihuwa da mutuwa a gari, da fitar da ma'ana daga ciki. Lissafin yiwuwa kuwa shi ne auna ƙarfin zaton aukuwar abu. Wannan na biyu ba baƙon tunani ba ne ga wanda ya yi karatun zaure, domin malaman usulu sun kasa sanin mutum mataki huɗu: yaƙini, da zanni, watau zato mai rinjaye, da shakka, inda ɓangarorin biyu suka yi daidai, da wahami, watau zato mai rauni. Abin da masu lissafi suka yi shi ne sa wa waɗannan matakai ma'auni. Abin da ba shi yiwuwa suka ba shi 0, tabbatacce suka ba shi 1, shakka ta zauna a rabi, sauran zato duka ya sami mazauni tsakani.

Asali

Abin da a kan manta shi ne, wannan ilimi a gidan shari'a aka yi renonsa. Tun zamanin da, dokokin Turai da suka samo asali daga Rum suna lissafa shaidu biyu a matsayin cikakkiyar hujja, shaida guda kuwa rabin hujja. Sa'an nan cikin 1654 waɗansu Faransawa biyu, Blaise Pascal da Pierre de Fermat, suka yi musayar wasiƙu a kan wata matsala, kuma daga wasiƙun nan ne a ke ƙirga farkon lissafin yiwuwa. Shi Fermat alƙali ne a babbar kotun garin Tulus, lissafi aikin hutunsa ne. Matsalar kuwa ta 'yan caca ce, amma in an duba da kyau hukuncin rabo ne. Mutum biyu kowa ya zuba kuɗi 32, a kan wanda ya fara cin wasa uku ya kwashe duka 64. Ɗaya ya ci biyu, ɗaya ya ci guda, sai wani dalili ya tashe su. Yaya za a raba bisa adalci? Pascal ya ce, a dubi wasan da ba a yi ba. In na gaba ya ci shi, 64 nasa ne. In ya faɗi, sun yi kunnen doki, kowa ya ɗauki 32. Ashe 32 nasa ne ko ta ƙaƙa, sauran 32 ɗin kuwa su ne cikin shakka, sai a raba su biyu. Rabonsa 48 ke nan, na abokinsa 16.

Wanda ya fara ɗauko wannan awo ya kai shi kan mas'alolin shari'a sosai shi ne Nicolaus Bernoulli, mutumin Basel ta ƙasar Suwizalan, cikin kundin da ya rubuta na neman digirin shari'a a 1709. Cikin mas'alolin da ya taɓa akwai wadda kowane alƙali na ƙasar Hausa ya sani, watau ta mutumin da ya ɓace. Ya yi tafiya, ba labari, ba a ga gawa ba. Yaushe za a hukunta cewa ya mutu, a raba dukiyarsa? Bernoulli ya ce, sa'ad da zaton mutuwarsa ya ninka zaton rayuwarsa sau biyu. Don ya san lokacin, sai ya jingina ga jadawalin da John Graunt ya fitar a 1662 daga takardun mutuwa na Landan. Jadawalin ya nuna cikin yara 100 da aka haifa, 64 su ke kai shekara 6, 40 su kai 16, 25 su kai 26, 16 su kai 36, 10 su kai 46. In muka bi ƙa'idarsa da wannan jadawali, saurayin da ya ɓace yana ɗan shekara 16 sai an jira har tsararrakinsa 40 sun koma sulusi, watau wajen 13, abin da zai ci kimanin shekara 24.

Malaman Malikiyya sun riga shi tunkarar mas'alar, ta hanyarsu. A Risala da Muhtasar, littattafan da alƙalan ƙasar nan suka daɗe suna hukunci da su, matar wanda ya ɓace a kan yanka mata shekara huɗu bayan ta kai ƙara an bincika, sa'an nan ta yi takaba. Dukiyarsa kuwa ba a gadonta sai ya kai shekarun da irinsa ba ya wuce su a raye, kuma abin da ya shahara shi ne shekara 70, ko da ya ke akwai masu cewa 75 ko 80. Dokar Ingila ta tsaya a kan shekara bakwai ba labari, kuma haka Dokar Shaida ta Nijeriya ta 2011 ta ɗauka. Duk ukun abu guda su ke yi: suna yanke hukunci a kan zanni domin yaƙini ya gagara. Bambancin Bernoulli kawai shi ne ya ce a ƙirga kaburbura tukuna.

Daga nan masana na Faransa suka zarce gona da iri. Condorcet a 1785, da Laplace a 1814, da Poisson a 1837, duk sun nemi su lissafa yawan alƙalan da ya kamata su zauna, da rinjayen da ya kamata a samu, don kuskure ya ragu. Sai dai lissafin nasu ya ɗauki kowane alƙali kamar ɗan ludo da aka jefa shi kaɗai, alhali alƙalai suna jin juna, suna tsoron juna, makaranta guda suka yi. John Stuart Mill na Ingila, a 1843, ya kira wannan aiki abin kunya ga ilimin lissafi. Bayan haka lauyoyi suka juya wa fannin baya ɗungum. To, a nan ne haɗarin ya faro, domin lissafi bai daina zuwa kotu ba, masu iya tuhumarsa ne suka ƙare.

Shari'ar Dreyfus

Cikin 1894 aka tsinci wata takarda a kwandon shara na ofishin jakadancin Jamus a Faris, wadda ta nuna wani hafsan sojan Faransa yana sayar da asirin ƙasarsa. Aka kama Kyaftin Alfred Dreyfus, Bayahude, kotun soja ta same shi da laifi a watan Disamba, aka kai shi wani tsibiri na gaɓar Amurka ta Kudu aka tsare. Rubutun takardar bai yi daidai da nasa sosai ba. Amma Alphonse Bertillon, shugaban sashen gane masu laifi na 'yan sandan Faris, ya ce ai wannan ma shi ne hujja: wai Dreyfus ya ɓad da hannunsa da gangan, ya tsara rubutun bisa wani awo na asiri.

Da aka sake shari'ar a garin Rennes a 1899, hujjar Bertillon ta lissafi ga yadda ta ke. Akwai dogayen kalmomi 13 da aka maimaita cikin takardar. Ya duba harafin farko da na ƙarshe na kowace, wuri 26 ke nan, ya tarar a wuri huɗu haruffan sun faɗa daidai kan awonsa. Ya ce yiwuwar harafi ya faɗa daidai bisa katari 1 ce cikin 5, saboda haka yiwuwar huɗu su faɗa ita ce 5 sau 5 sau 5 sau 5, watau 1 cikin 625. Lissafin daidai ne, amma amsar wata tambaya ce dabam. 1 cikin 625 ita ce yiwuwar maharbi ya harba kibiya huɗu, duka huɗun su samu. Bertillon kuwa kibiya 26 ya harba, ya nuna huɗun da suka samu, ya yi shiru da 22 da suka kuskure. Wanda ya harba 26, ko da kowace tana da damar 1 cikin 5 kawai, yiwuwar ya sami huɗu ko fiye ta haura 7 cikin 10. Abin da aka nuna wa alƙalai a matsayin abin al'ajabi, shi ne abin da ya fi kusa da aukuwa.

Hafsoshin da suka zauna shari'ar suka sake samunsa da laifi, biyar a kan biyu, ko da ya ke shugaban ƙasa ya yi masa afuwa nan da nan. Sai a 1904 babbar kotun ƙasar ta nemi manyan masana lissafi uku, Darboux da Appell da Poincaré, su duba aikin Bertillon, suka ce ba shi da wata daraja ta ilimi. Aka wanke Dreyfus a 1906. Wanda ya rubuta takardar wani hafsa ne dabam, Manjo Esterhazy. Ba za a ce lissafi kaɗai ya ɗaure Dreyfus ba, ƙiyayyar Yahudawa da takardun jabu sun fi shi aiki. Amma shi ne ya sa wa zaluncin rigar ilimi.

Gemu da gashin baki

A watan Yuni na 1964, a wata unguwa ta Los Angeles, aka ture wata tsohuwa a lungu aka fizge mata jaka mai ɗauke da dala 35 zuwa 40. Ta hangi wata budurwa mai farin gashi tana gudu. Wani mutum kuma ya ga mace mai farin gashi, ta ɗaure shi ta ƙeya, ta shiga wata mota rawaya, baƙar fata mai gemu da gashin baki yana tuƙi. 'Yan sanda suka kama Malcolm Collins da matarsa Janet, waɗanda suka yi kama da wannan siffa. Amma shaidun ba su iya tabbatar da fuskokinsu yadda ya kamata ba.

Da mai gabatar da ƙara ya ga hujjarsa ta yi rauni, sai ya kirawo wani malamin lissafi na kwaleji, ya sa shi ya bayyana ƙa'idar ninkawa. Sa'an nan shi da kansa ya kawo waɗannan adadai: mota rawaya, 1 cikin 10, namiji mai gashin baki, 1 cikin 4, mace mai ɗaurin ƙeya, 1 cikin 10, mace mai farin gashi, 1 cikin 3, baƙar fata mai gemu, 1 cikin 10, baƙi da fara tare cikin mota, 1 cikin 1,000. Aka ninka, aka sami 1 cikin 12,000,000. Juri, watau mutanen gari da a ke zaɓowa su saurari shari'a su faɗi ko akwai laifi, suka ce akwai.

Kotun Ƙoli ta Kalifoniya ta rushe hukuncin a 1968, har ta kwatanta lissafi da boka mai rufe idon jama'a. Abu na farko, adadan nan ba wanda ya ƙirgo su, daga kan mai gabatar da ƙara suka fito. Na biyu shi ne wanda ya kamata kowane lauya ya haddace. Ƙa'idar ninkawa ba ta aiki sai a kan abubuwan da ba ruwan ɗaya da ɗaya. In ka jefa ɗan ludo sau biyu, yiwuwar shida ta fito duka biyun 1 ce cikin 36, domin jifar farko ba ta gaya wa ta biyu kome. Amma gemu da gashin baki fa? Wanda ya tsayar da gemu, galibi yana da gashin baki. Wanda ya ninka 10 da 4 a nan ya ƙirga mutum guda sau biyu. Haka nan, in an riga an ce namijin baƙi ne, macen mai farin gashi ce, to maganar baƙi da fara cikin mota an riga an biya rabin kuɗinta.

Kotun ta ƙara da wani abu mai zurfi. Ta ce ko da an karɓi adadin yadda ya ke, bai faɗi cewa su Collins ne ɓarayin ba. A yanki mai miliyoyin mutane, in dai an sami miji da mata guda masu wannan siffa, yiwuwar akwai waɗansu kuma irinsu ta haura kashi 40 cikin 100. Ba a ma zo ga zancen ko shaidun sun gani daidai ba, ko gashin rini ne, ko gemun na jabu ne.

Kada mai karatu ya ɗauka daga nan cewa maganin abin shi ne a kori lissafi daga kotu. Amurkar nan dai, a 1965, Kotun Ƙolinta ta duba ƙarar Robert Swain, baƙar fata da aka yanke wa hukuncin kisa a wata gunduma ta jihar Alabama. Baƙaƙe su ne kashi 26 cikin 100 na mazan da suka isa zama juri a gundumar, amma cikin mutum wajen 100 da aka kirawo don a zaɓi jurinsa takwas ne kaɗai baƙaƙe, kuma ba ko ɗaya da ya zauna. Kotun ta ce tazarar ba ta da yawa. Da ido ta auna. In da ƙuri'a a ke ɗibar mutane ba zaɓe ba, yiwuwar a sami takwas ko ƙasa da haka cikin 100 ba ta kai 1 cikin 200,000 ba. Bayan shekara goma sha biyu, a 1977, irin wannan ƙara ta zo daga wata gunduma ta jihar Tekzas, inda 'yan asalin Meziko su ke kashi 79 cikin 100 na jama'a, amma cikin mutum 870 da aka kira cikin shekara 11, su 339 ne kawai, alhali abin da a ke tsammani wajen 688 ne. A wannan karo kotun ta yi lissafin, ta ce wannan ba katari ba ne, wariya ce. Bambancin wannan da na Collins a fili ya ke: adadan an ƙirgo su daga ƙidayar jama'a da littafin kotu, kuma tambayar da aka yi musu ita ce wadda su ke iya amsawa.

Sally Clark

Shari'ar da ta fi kowace tayar da hankalin masana a Ingila ita ce ta Sally Clark, wadda ita kanta lauya ce, mijinta ma lauya. Ɗanta na fari ya mutu a watan Disamba na 1996 yana ɗan mako 11. Na biyu ya mutu a Janairu na 1998 yana ɗan mako 8. Aka tuhume ta da kashe su. Likitoci suka yi ta saɓani a kan abin da binciken gawa ya nuna, ba kuma wanda ya ga ta yi kome.

Akwai abin da likitoci su ke kira mutuwar fuju'a ta jarirai, watau a kwantar da jariri lafiya lau a tarar ya cika, a bincika a rasa dalili. Sai wani shahararren likitan yara, Farfesa Roy Meadow, ya shaida wa kotu cewa a gida irin na su Clark, masu hali, ba mai shan taba, uwa ta haura shekara 26, yiwuwar irin wannan mutuwa 1 ce cikin 8,543. Yiwuwar ta auku sau biyu kuwa sai a ninka 8,543 da kanta, a sami 1 cikin miliyan 73. Tun da yaran da a ke haifa a ƙasar wajen 700,000 ne a shekara, ya ce sai a yi shekara ɗari kafin a ga irin wannan sau guda. Ya kwatanta shi da mutum ya sa kuɗi a kan dokin da ba a zaton zai ci sukuwa, ya ci, shekara huɗu a jere. Ba a kirawo masanin ƙididdiga ko ɗaya ya tanka masa ba. A Nuwamba na 1999 juri suka same ta da laifi, goma a kan biyu, aka yi mata ɗaurin rai da rai. Ta ɗaukaka ƙara a 2000, kotu ta ce sauran hujjoji sun isa ko ba adadin.

Kuskuren farko shi ne na gemu da gashin baki. 'Ya'yan ciki guda jini guda ne, ɗaki guda, shimfiɗa iri guda. In akwai wani lahani na gado ko na muhalli da ya ɗauki na fari, yana nan yana jiran na biyu. Ƙungiyar masana ƙididdiga ta Ingila ta fito fili a Oktoba na 2001 ta ce adadin nan ba shi da tushe. Daga baya Farfesa Ray Hill na Jami'ar Salford ya bi ƙididdigar ƙasar, ya nuna gidan da aka taɓa yin irin wannan mutuwa haɗarin sake ta ya ninka sau biyar zuwa goma.

Kuskure na biyu ya fi wannan muni, kuma shi ne na harshe. A dubi waɗannan jimloli:

Idan uwa ba ta da laifi, da wuya 'ya'yanta biyu su mutu haka.

Idan 'ya'yan uwa biyu sun mutu haka, da wuya a ce ba ta da laifi.

Kusan kalmomi guda ne, sai dai sharaɗi da jawabinsa sun yi musayar wuri. Ta farko ita ce iyakar abin da adadin Meadow zai iya nufi, ko da daidai ne. Ta biyu ita ce wadda kunne ya ke ji, ita ce kuma wadda a ke ɗaure mutum da ita. A zance na yau da kullum ba wanda zai ruɗe. Kowa ya yarda idan dabba akuya ce tana da ƙafa huɗu, ba kuwa wanda zai ce idan dabba tana da ƙafa huɗu akuya ce, domin ya san akwai tumaki da jakuna. Amma da zarar an liƙa wa jimlar miliyan 73, sai hankali ya tafi ga girman adadin, ya bar "idan" ba mai tsaro. Waɗansu masana biyu na Amurka, Thompson da Schumann, su suka raɗa wa wannan suna a 1987, suka kira shi ruɗun mai gabatar da ƙara.

Tambayar da ta kamaci juri ita ce: yara biyu sun riga sun mutu, abu mai wuyar aukuwa ya riga ya auku, saura a san ta wace hanya. Mutuwar fuju'a sau biyu abu ne mai wuya, gaskiya ne. To, uwa ta kashe jariranta biyu ɗaya bayan ɗaya fa, shi abu ne mai sauƙin aukuwa? Dole a aza su biyun a kan sikeli guda. Da Hill ya yi haka, cikin binciken da ya buga a 2004, ya tarar mutuwar fuju'a sau biyu ta fi kisa sau biyu yawa, da ninki huɗu da rabi zuwa tara.

Ba lissafi ne ya buɗe mata ƙofar kurkuku ba. An gano cewa likitan da ya binciki gawar yaro na biyu yana da sakamakon gwaji da bai nuna wa kowa ba, wanda ya nuna ƙwayoyin cuta a jikin yaron, har cikin ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa da laka. A Janairu na 2003 kotu ta sake ta, ta kuma ce bai kamata a ce an kai wa juri adadin nan ba tun farko. Aka koma aka duba ɗaruruwan shari'o'i irin nata, aka saki waɗansu mata, cikinsu har da Angela Cannings a ƙarshen 2003 da Donna Anthony a 2005. Ita Sally Clark ba ta ƙara komawa daidai ba. An tarar da ita ta rasu a gidanta a watan Maris na 2007, tana da shekara 42.

Awon jini

Tun da Alec Jeffreys ya gano hanyar gane mutum ta ƙwayoyin halitta a Jami'ar Leicester a 1984, manyan adadai sun zama abincin kotu na kullum, kuma jimlar nan mai juyawa ta biyo su. Ƙwararre zai ce, yiwuwar jinin wani mutum dabam ya dace da wanda aka samu a wurin laifi 1 ce cikin miliyan. Lauya ya tashi ya ce, ashe yiwuwar wanda a ke tuhuma ba shi da laifi 1 ce cikin miliyan. Ba haka ba ne. A ƙasa mai maza miliyan 20, wannan awo yana nufin akwai wajen maza 20 da jininsu zai dace. In ba wata hujja sai jinin, wanda ke tsaye gaban alƙali ɗaya ne cikin ashirin. Kotun ɗaukaka ƙara ta Ingila, a shari'ar Doheny da Adams ta 1996, ta hana ƙwararre faɗin yiwuwar cewa jinin na wanda a ke tuhuma ne. Ta ce a gaya wa juri kimanin mutum nawa ne a ƙasar za su dace, sa'an nan su duba sauran hujjoji su ga ko shi ne ko ɗaya daga cikin sauran. A 2017 kuma makarantar horar da lauyoyi masu tsayawa gaban kotu ta haɗa kai da ƙungiyar masana ƙididdiga suka fitar da ɗan littafin jagora don lauyoyi.

Kotunan Nijeriya ba su aiki da juri, saboda haka nauyin da mutum goma sha biyu su ke rabawa a Ingila, a nan alƙali guda ne ke ɗauke da shi. Sa'an nan a manyan kotuna da Turanci a ke shari'a, wanda a ke tuhuma kuwa sau da yawa ta bakin tafinta ya ke jin abin da a ke faɗi a kansa. Tafintan da ya ji "1 cikin 100,000" zai so ya taƙaita, ya ce wa mutumin, "Likita ya ce da wuya a ce ba kai ba ne." Ya juya sharaɗin ke nan ba da nufi ba. Abin da likita ya faɗa, in a gari mai maza miliyan 3 ne, ga fassararsa: "Likita ya ce a garin nan akwai maza wajen 30 da jininsu ya yi daidai da wanda aka samu, kai kana cikinsu."